Awon Ɗan Fari

Karo na biyu ke nan da rigar ta dawo daga Jos, kuma da magana ɗaya: ta yi masa kaɗan.

'Yar'azumi ta zauna bakin murhu tana warware ta, tana naɗe jan ulun a yatsa. Saƙa dai ba sana'arta ba ce. A hannun matar wani akawun jirgin ƙasa ta koya, lokacin da suka yi zama a Malam Madori, abin kuwa ya shiga ranta. Duk jaririn da aka haifa a unguwarsu a Haɗeja sai ya sa hular hannunta, ta zauna masa ko ba ta zauna ba. Amma rigar sanyi ta babban mutum, wannan ce ta farko.

Ta ɗanta ce. Sunansa Hamman, sai dai ba a bakinta za ka ji ba, domin ɗan fari ne. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi zuwa Kafin Hausa, can ya girma. In ya zo gaisuwa, ita ta ja mayafi ta shige ɗaki, shi ya juya ya gaida bango ya tashi. Mutane suna yaba mata wannan kunya, ita ma tana ji da ita. To, ga shi yau tana neman faɗin kafaɗarsa, ba ta sani ba, ba kuma bakin tambaya.

Ana tsakiyar yaƙin Turawa aka ɗebe shi cikin samarin da aka tura Jos haƙar kuza. Labarin da ke dawowa ba daɗin ji: sanyi yana kashe mutane a bukkoki, wanda ya gudo kuma a biyo shi har gida, a haɗa da wanda ya ɓoye shi. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta sayar da akuyarta ta sayi ulu.

Fannami, mai kai bandar kifi Jos, shi ne ɗan aike. Ƙato ne mai fara'a, in ya tsaya a zaure sai ya tare hasken ƙofa. Da farko ya ce wuyan ne ya matse. A karo na biyu ya ce hammata ce, a kuma ƙara taƙi guda a ciki. Rigar tana dawowa a sake, tana ƙarnin kifi, amma me zai fito daga kayan Fannami bai yi ƙarni ba?

Daɗi take ji, wallahi. Yaron da ake cewa sanyi zai kashe, ga shi riga ba ta shigarsa! Ta ƙara, ta kuma ƙarawa, har ta warware safar mijinta Ari ta cike hannu.

Ranar da ta gama, Ari yana can bakin kogi wajen kamun kifi, ya kwana biyu bai dawo ba. Da la'asar ɗari ya taso daga fadama. Ta rataye rigar a kan zanan da ke bayan zaure tana kallon aikinta, sai ta ji tari.

Ta leƙa ta kafar zana. Wani mutum ne a rakuɓe, ƙashi da fata, ƙafafu duk sun fashe. Bai tambayi gidan wa ne ba, ya shigo kamar ya san hanya. Da ya ji motsinta kuma sai ya ba ta baya ya fuskanci bango. Wannan rashin ɗa'a ya ba ta haushi.

"Daga ina?" ta ce.

"Daga nesa." Tari ya cinye muryar. "Ko da ɗan abin rufa? Na ga wata ja a kan zana."

"Tana da mai ita. Kuma irinka uku za ta haɗiye, ta mai ƙirji ce."

"Ta wa ce?"

Sunan ya zo mata har maƙogwaro, ta mayar da shi inda ya saba zama. "Ta wani ce."

Can ya ce, "Allah ya amfana masa."

Ta san kamannin masu gudu, ba ta kuma son ganin 'yan doka a ƙofarta. Ta jefa masa tsohon buhun gyaɗa, ta tura ragowar kunu da ƙafa, ta ce gari na wayewa ya san inda zai nufa. Rigar kuwa ta kai ta ɗaki ta sa ƙarƙashin matashi, don ba ta yarda da idonsa ba.

Da sassafe Fannami ya zo, ya tsallake mai kwance, ya karɓi rigar yana ta yabon hannunta. Da hantsi maƙwabta suka taɓa baƙon suka ji ya sandare. Ba wanda ya san shi. Ana shawarar wanka sai ga Ari da komarsa a kafaɗa.

'Yar'azumi tana bayan zana tana leƙe. Cikin masu tsaye har da Fannami, ya dawo kallo. Da ya sunkuya, wuyan babbar rigarsa ya zame, jan ulu ya bayyana. Ga wuya, ga hammata, ga ciki, ta zauna masa cif, kamar shi aka auna.

Ari ya durƙusa ya ɗaga buhun daga fuskar gawar. Ya daɗe yana kallo, sannan a hankali ya kira sunan nan da ita ba ta taɓa faɗa ba: "Hamman."