Abin da Tumakin Suka Gani

Karo na bakwai ke nan takardar gwajin binciken digirinta ta dawo da magana ɗaya: kotisol, sinadarin da jiki ke saki idan dabba ta firgita, ya yi yawa a jinin tumakinta duka.

Ta kafa musu rumfa, ta sauya musu dusa. Har waƙa ta rera musu, ita da ko mijinta ba ta taɓa rera wa ba. Farfesa kuwa ya ce ranar Litinin ko ta kawo dalili, ko ta maimaita shekara.

"Baba, me na tsare wa dabbobin nan?" ta tambayi tsohon makiyayin da ke kula da su. "Ina shigowa sai su watse kamar sun ga kura!"

"Kura ai da sauƙi, 'yata."

"Don Allah bar zolaya."

Ya tofar da tsinken bakinsa, ya kama gefen farar rigar aikinta da yatsu biyu.

"Na so in faɗa tuntuni, sai na ce 'yan boko sun fi ni sani. Irinta sak mahauci ke sawa duk ranar da ya zo zaɓar na yanka."