Kifayen Da Baba Ya Gani

Dikko na barbaɗa abincin kifi a tankin gilashin da babu kifi ko ɗaya a cikinsa, sai ya ji sallamar mahaifinsa a ƙofar falo. Ya yi maza ya ɓoye abincin kifin a bayansa.

Shi ya janyo wa kansa. Ya sha cika baki a waya cewa ya ajiye kifaye masu launi a gidansa na unguwar Badariya. Alhali mai shagon da ya sayar masa da tankin ya ce sai ruwan ya yi makonni, ƙwayoyin da ke cinye ƙazantar kifi sun hayayyafa, in ba haka ba duk kifin da ya zuba mutuwa zai yi. To da wane baki zai gaya wa mahaifin nasa Malam Tamba, wanda ya tsufa yana su a Argungu, cewa ruwa yake kiwo?

"Ina kifayen naka?" tsohon ya tambaya, yana dogara sanda.

Dikko ya kai shi gaban tankin, kansa a sunkuye. "Baba, da ma..."

Tsohon ya dafa gilashin, ya karkata kai wajen injin iskar da ke ɓulɓula. Ya yi murmushi.

"Masha Allah! Ga su nan, sai wasa su kai. Wanga babban ya fi kyau."

Dikko ya ɗago a razane. Sai yanzu ya kalli idanun mahaifinsa da kyau. Farar yana ta rufe su duka biyun.

Ya yi ta ƙoƙarin tuna rabonsa da Argungu, ya kasa.

"Awo, Baba," ya ce. "Shi ya fi kyau."