Layin Kurma

Kai da kake cewa sunayen titunanmu sun tsufa a sake su, saurari wannan. An yi wani malamin makaranta da ya tashi a Layin Kurma. Ya san da kakansa ake a wannan suna, wani mai haƙar rijiya da ya rasu tun kafin a haife shi, amma kunya ba ta taɓa barinsa ya tambayi dalili ba. Shi dai a ganinsa gori ne aka liƙa wa gidansu, ko kwatance zai yi wa baƙo sai ya sassauta murya. Da hukuma ta tashi kafa alluna a tituna, ta ce mai son a sauya suna ya kawo sa hannun mazauna, sai ya ɗauki takarda ya bi gida-gida.

Ya sami mutum goma sha tara kafin ya iso wurin wata tsohuwa mai saƙar faifai. Ta ƙi dangwala yatsa. Ta ce, "Ɗan nan, kakanka ya fi ka kunne, ko allura ta faɗi yana ji." Ta ce shekarar da rafin garin ya ƙafe, mata kan fita neman ruwa da asuba su dawo da azahar, har wasu gidaje suka fara ɗaure kaya. Kakan ya kama haƙa a nan, da ya kai zurfin gaba uku ya ci karo da dutse. Mai unguwa ya ce ya bari, 'yan'uwansa suka ce ya bari, abokan aikinsa suka kwashe igiyoyinsu. Shi kuwa kullum ya sauka da diga, ya fito da kwandon tsakuwa, tafin hannu duk ya farfashe. Sai aka ce ai mutumin nan kurma ne. A wata na bakwai ruwa ya ɓulɓulo, masu shirin ƙaura suka kwance kaya. Hanyar da sawun masu ɗiba ya fitar ita ce layin nan.

Malamin ya naɗe takardarsa ya tashi. Washegari ya koma wa mutum goma sha taran nan, ya ba su labarin da bakinsa. Ranar da aka kafa allon mai ɗauke da sunan Layin Kurma, shi ya riƙe wa ma'aikata tsani, sannan ya kai ɗalibansa bakin rijiyar, suka ja guga suka sha.

Ka ji abin da ya sa magabata suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.