Tampol ɗin Jika

Hulda, aje tulun nan ki ji, yau Allah ya saka mini!

Kin san Malam Gambo mai shingen hanyar Tanout. In direba ya ba shi dala ashirin, ya wuce ba bincike. In babu, sai ya ɗaga tampol, duk fasinjan da ke ƙarƙashi ya faɗi inda za shi da ƙarfi. Haka ya yi mini bara, ina da cikin fari, ina ɓoyo. Gaban surukina ya ce, "A'a, matar Jika, likita za ki? Wata nawa?" Sai da na yi kuka har Tanout.

To yau kasuwa, mutane dam a shinge. Gambo ba ya nan, wai ya tafi gaisuwar mutuwa Falanko, yaronsa Barmo ke riƙe masa. Maigidana Jika ya tsaya da kamyo, babbar motarsa ta kaya.

Barmo ya ce, "Dala ashirin."

Jika ya ce, "Yau ko sisi babu. Ɗaga."

Sai ga hannu ya fito ta ƙarƙashin tampol da dala ɗari! Barmo ya ce wannan ɓarawo ne, ya fizge tampol.

Gambo ne, Hulda! Kwance kan buhun gero, za shi Damagaram a asirce a yi masa aikin gwaiwa.

Ina gaban mota da goyona. Na leƙo na ce, "Sannu Baba. Wata nawa?"

Maza ki gaya wa ƙawarmu Roda, ta kai labarin bakin rijiya!