Tsakuwar da Ta Fi Kowa Ƙuruciya

A ɗakin gwajin duwatsu akwai wani tebur kusa da ƙofa, kuma dokarsa ta girmi duk ma'aikatan: abin da aka ajiye a kai, na bincike ne. Nan Mataimaki ya tarar da 'yar kwalba, da tsakuwa a ciki kamar ƙwayar gyaɗa.

Ranar ce Farfesa ya dawo daga dogon hutu, ya rame, yana takawa kamar mai ɗauke da ƙwai. Ritayarsa ta matso, shi kuma zai zaɓi magajin kujerarsa. Mataimaki ya jira kujerar nan har furfura ta same shi a layi. Bai yi shakka ba, jarrabawa ce aka ɗana masa.

Ya fara da abin da kowane masanin dutse ke farawa da shi: ya lasa, don ƙwayoyin dutse sun fi fitowa in an jiƙa. Bai gamsu ba, ya sake lasa. Ya raba ta biyu da zarto, ya goge rabi har haske ya ratsa, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Zobe kan zobe, kamar albasa. Ɗaya rabin ya daka, ya ɗura wa na'urar ƙidayar shekaru, tsohuwar da sai ta yi tari kafin ta yi magana.

Na'urar da ta saba faɗin miliyoyi ta ce tsakuwar ba ta girmi autansa ba.

Ya kira gida. "Maman yara, a guge min kwat! Ƙasa na haihuwar sabon dutse, ni na kama ta tana naƙuda."

"Allah ya raya," in ji ta. "Ka taho da burodi."

Washegari ya tara ma'aikata. Ya zana faifan ƙasa biyu suna gugar juna, ya ce tsakuwar ta taru ne a hankali, cikin duhu da ruwa da matsi mai tsanani. Farfesa ya gyaɗa kai cikin jimami.

"Matsi kam an sha. Ina take?"

"Na daka, ranka ya daɗe. Na ma ɗanɗana, da ɗan gishiri-gishiri."



"Kujera sai mun sake shawara," in ji Farfesa. "Ajiye kwalbar na yi in lalubo mabuɗi. Kai za ka yi wa mai ɗakina bayani, don ita ta roƙi likita ya bar mata tsakuwar bayan ya ciro ta daga ƙodata."