Bamagujen Malam Ishaku

Kwamitin coci ya gama magana. In Malam Ishaku bai kawo ko mutum ɗaya daga masu addinin gargajiya ba kafin Ista, zai ajiye babur da muƙamin mai bishara, ya koma ƙauye ya rungumi fartanya.

Ishaku kuwa ba kanwar lasa ba ne. Har kwas ya yi kan mutunta Maguzawa, inda aka koya masa kada ya tambayi mutum addininsa, kada ya yi wa'azi, ya dai saurara har zuciya ta buɗe da kanta. Matsalar ɗaya ce, a birnin Katsina sai ka sha yawo kafin ka ga Bamaguje.

Sai Allah ya haɗa shi da Baba Nomau, mai sayar da dawa a bakin Ƙofar 'Yandaka. Ga tsage a fuska, ga kai ba hula, kuma in an kira salla kowa ya tashi, shi yana zaune abinsa. Ishaku ya ji kamar ya taka rawa.

Kullum sai ya je da goro, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Don nuna girmamawa, ya riƙa yabon iskoki, yana cewa ai kakanni ba wawaye ba ne. Tsohon yakan dube shi da tausayi, ya ce, "Ina jin ka, ɗana, ci gaba." Bai taɓa musa masa ba, bai kuma taɓa faɗin abin da shi ya gaskata ba. Ishaku ya shaida wa kwamiti cewa tsafi ya kama mutumin sosai, har ba ya fitowa kasuwa ranar Lahadi, wataƙila ranar yanka ce.

Da Ista ta matso, Ishaku ya yi ta maza ya ce, "Baba, akwai taron haɗin gwiwar coci-coci ranar Litinin. Ko za ka raka ni?"

Hawaye suka cika idon tsohon. Ya ce, "Kai da bakinka?"

Ranar taro, shugaba ya ce masu bishara su gabatar da waɗanda suka kawo. Ishaku ya gyara kwala, ya shafa makullin babur a aljihu. Kafin ya miƙe, Baba Nomau ya riga shi, ya cafki hannunsa ya ɗaga sama.

"'Yan'uwa, ga Bamagujen da cocinmu ke ta yi wa addu'a. Yadda aka koya mana a kwas, ban taɓa yi masa wa'azi ba, yau ga shi ya kawo kansa!"