Ƙarfe Ɗaya da Rabin Wane Gari?

Malama Kubura, na ga shawarar da kika rubuta, cewa a bar lokaci a tikitin aiki yadda mai rubutu ya shigar da shi, tunda kowa ya iya duba agogo. Tun da na karanta hankalina bai kwanta ba. Jawo kujera, in ba ki wani misali kafin ki sake taɓa manhajar nan.

An yi wani ma'aikacin kwamfuta a wani asibiti a Kano. Babbar na'urar da ke ajiye hotunan cikin marasa lafiya ta kai lokacin da za a kashe ta a sabunta ta. Aikin minti arba'in ne, kuma in an fara ba a tsayawa sai an kai ƙarshe. Kamfanin da ke kula da ita daga nesa kuwa a Kumasi yake. Mutumin nan ya yi tunani irin na masu hankali: babu lokacin da asibitin ke yin tsit kamar na sallar Juma'a, likitocin tiyata sun tafi masallaci, ba a shigar da kowa sai an sauko. Sai ya buɗe tikiti, wato takardar neman aiki a manhaja, ya rubuta Juma'a, ƙarfe ɗaya da rabi. Manhaja ta kwashi lambar tsirararta, ba sunan gari a jikinta, ta kai wa injiniyan Kumasi. Shi ma injiniyan ba mai wasa da aiki ba ne. Da ya ga ɗaya da rabi ran Juma'a sai ya gyaɗa kai, don a garinsu ma lokacin masallaci ne, babu abin da ya yi masa kama da kuskure. Har masallacin da ake sallah da wuri ya nema don kada ya makara. Abin da bai faɗo wa kowa a cikinsu a rai ba shi ne, agogon Kano yana gaban na Kumasi da awa guda cur.

Ranar, mutumin Kano ya dawo daga masallaci wajen biyu da kwata, ya leƙa, ya tarar na'ura tana aiki lafiya lau. Tikitin dai ba a rufe ba, amma ya san halin injiniyoyi da jinkirin rufe tikiti. Ya yi hamdala, ya ɗauka an gama. Likita ya aiko yana tambaya ko an gama, mutumin ya ce a ci gaba. Aka shigar da wata mata mai 'ya'ya huɗu, za a cire mata wani ƙari da ya kwanta a jikin babbar jijiyar jini, likita yana yanka yana ɗaga kai yana duban hoton cikinta a allon bango. Biyu da rabi na cika a Kano, ɗaya da rabi ta cika a Kumasi. Injiniya ya yi bisimilla ya danna. Allon ɗakin tiyata ya yi baƙi ƙirin.

Nas ta fito a guje. Mutumin nan ya kira Kumasi. "Bawan Allah, ka kashe mu! Biyu da rabi fa yanzu!" Injiniya ya ce, "Malam, ga agogo a gabana, ɗaya da rabi, yadda ka rubuta." Ya roƙe shi ya mayar, injiniya ya ce in ya katse yanzu hotunan asibitin gaba ɗaya na iya lalacewa. Haka mutumin ya tsaya a baranda riƙe da waya, gumi ya jiƙa masa rigar Juma'arsa, yana kallon wani siririn layi mai nuna ci gaban aikin a fuskar kwamfuta yana jan ciki kamar hawainiya. A kan benci mijin matar yana zaune da carbi, da kwanon abincin da ya kawo mata don in ta farfaɗo. Ya ɗago ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Mutumin ya mayar da idonsa kan layin. Likita ya jira minti goma, ya jira sha biyar, jininta na sauka. Ya ƙi yin yanka da ka kusa da jijiyar, ya ɗinke ta. Na'ura ta dawo uku da minti goma, tsaf, ba abin da ya ɓace. Matar kuwa ta farka da ɗinki a ciki, ƙarin yana nan inda yake, aka ce wa mijinta sai an sake buɗe ta in ta yi ƙarfi.

To kin gani, Malama. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya makara, kowa ya cika alƙawarin agogonsa. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, don irin wannan kuskure mutanen kirki yake ci. Saboda haka ki sa manhaja ta ajiye kowane lokaci a bisa agogo guda na duniya, in za ta nuna wa mutum ta juya masa shi zuwa na garin da yake zaune, ta kuma rubuta sunan garin a gefe. Kada ki yarda da lambar da ta zo miki ba ki san inda aka haife ta ba, don Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.